'Yancin Addini da Haƙƙin Marasa Rinjaye a Ƙasar Damagum da Potiskum

Duk wanda ya bi babbar hanyar mota daga Kano zuwa Maiduguri, in ya wuce Potiskum, kafin ya isa Damaturu sai ya ratsa Damagum, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe. Mafi yawan mutanen wannan ƙasa Musulmi ne, kuma Musulunci ya daɗe a wannan sashe, don kuwa sarakunan daular Kanem, wadda ta haifi Barno, sun musulunta tun ƙarni na 11. Amma ba kowa ne Musulmi ba, Musulmin ma ba duka su ke bin tafarki ɗaya ba. Akwai Kirista, akwai 'yan Shi'a, akwai kuma tsirarun dattawa a ƙauyuka waɗanda har yanzu ba su rabu da addinin kakanninsu ba. Wannan darasi a kan waɗannan mutane ya ke, da abin da doka ta ba su, da kuma dalilin da ya sa kiyaye haƙƙinsu ya shafi Musulmin Damagum kansa.

Da farko a kawar da wani kuskure da ya yi jijiya a zukata, watau zaton da a ke yi cewa duk Kiristan da ke Yobe baƙo ne, ɗan Kudu mai sayar da magani ko kayan gyaran mota. Lalle akwai irin waɗannan, kuma su ma 'yan Nijeriya ne. Amma akwai Kirista da yawa a cikin Karekare da Ngamo da Ngizim, waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, a nan kakanninsu suka yi noma. Mishan ta SIM ta zauna a Kukar Gadu tun zamanin Turawa. Sau da yawa a gida ɗaya za ka iske wa Musulmi, ƙane Kirista, tukunyarsu ɗaya, gandunsu ɗaya. Game da yawansu kuwa, ƙidayar 1991 da ta 2006 duk ba su tambayi addinin kowa ba, saboda haka wanda ya zo maka da adadi, ƙiyasi ne kurum ya yi. Doka ma ba ta dubi yawa ba. Ko mutum ɗaya ne tak a gari, haƙƙinsa cikakke ne.

Abin da Tsarin Mulki ya tanada

Wannan 'yanci yana da tarihi. Gab da samun mulkin kai, ƙananan ƙabilu na Arewa da na Kudu sun nuna tsoron kada manya su danne su in Turawa sun tafi. Saboda haka aka kafa Hukumar Willink a 1957, ta zaga ƙasa ta saurari koke-koke, ta ba da rahotonta a 1958. Ba ta goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin Tsarin Mulki. Haka aka yi a na 1960, aka maimaita a na 1963 da na 1979, har zuwa na 1999 wanda a ke aiki da shi.

Sashe na 38 shi ne ginshiƙi. Ya ba kowane mutum 'yancin tunani da na addini, har da 'yancin sake addininsa, da 'yancin yin ibada shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a sarari, da koyar da addininsa da yaɗa shi. Ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta karatun wani addini da ba nasa ba, ko shiga ibadar da iyayensa ba su yarda da ita ba. Sashe na 10 ya hana Gwamnatin Tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma. Sashe na 42 ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa ko wurin haihuwarsa. Sashe na 43 kuwa ya ba shi ikon mallakar gida ko fili a ko'ina cikin Nijeriya.

Wani zai ce, to, ai Yobe jihar Shari'a ce. Gaskiya ne tana cikin jihohi 12 na Arewa waɗanda suka faɗaɗa aiki da Shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000. Amma kotunan Shari'a don Musulmi aka kafa su, kuma kafa su bai soke ko harafi ɗaya daga sassan da muka ambata ba. Tsarin Mulki yana bisa dokar kowace jiha. Malamai kuma sun san cewa aya ta 256 ta Suratul Baƙara ta hana tilastawa cikin addini, aya ta 40 ta Suratul Hajji kuma ta ambaci wuraren ibadar Kirista da na Yahudawa tare da masallatai cikin abubuwan da ba a so a rushe. A ƙarƙashin daular Sakkwato ma, Maguzawan Kano da na Katsina sun zauna da addininsu suna biyan jiziya.

Inda wariya ta ke ɓuya

Idan aka ce danniya ta addini, hankalin mutane kan tafi ga ƙone-ƙone da zubar da jini. Alhali mafi yawanta ba ta da ƙara ko hayaƙi. A ofis ta ke, a kan tebur, cikin fayil ɗin da aka ajiye aka ƙi taɓawa.

Alal misali, a ɗauki maganar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, domin amfanin dukkan 'yan Nijeriya. A birane Gwamna ke ba da takardar mallaka, a karkara kuwa Ƙaramar Hukuma. To, a ce jama'ar wani coci sun nemi fili, sun biya kuɗin da aka yanka, sun cika kowane sharaɗi. Ba a ce musu a'a ba, sai dai kullum a ce su dawo wata mai zuwa, har shekaru su shuɗe. In sun gaji sun yi ibada a cikin gidan wani, sai a ce sun yi gini ba da izini ba. Wannan kuka ne da Kiristocin jihohin Arewa suka daɗe suna yi, kuma duk ma'aikacin da ya yi haka ya karya sashe na 42, ko da bai ɗaga murya ga kowa ba. Hukuma tana da ikon hana gini saboda tsarin gari, ko saboda wurin hanyar ruwa ne, amma sai ta faɗi dalilin a rubuce, kuma sai dalilin ya zama wanda zai hau kan masallaci kamar yadda ya hau kan coci.

Haka abin ya ke a makaranta. Inda gwamnati ta ɗauki malamin addinin Musulunci, kuma akwai ɗalibai Kirista, adalci shi ne su ma a ba su nasu malamin. Hedimastan da ya tsare yaro Kirista a ajin da ba nasa ba, ko ya bar shi yana gararamba a gindin bishiya duk lokacin darasin addini, bai sauke nauyin da ke kansa ba. Akwai kuma takardar shaidar zama ɗan asalin Ƙaramar Hukuma, wadda sai da ita a ke samun gurbin karatu da aikin gwamnati. Yaron da ubansa da kakansa Ngamo ne ko Karekare, ba a hana shi ita don sunansa Bitrus ko Yohanna. Sai maganar maƙabarta, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai an yi rasuwa: kowace jama'a tana bukatar inda za ta binne mamatanta bisa ga addininta.

Shekarun tashin hankali

Mutanen wannan ƙasa ba sa bukatar a ba su labarin abin da ƙiyayyar addini ke haifarwa, don a gabansu aka yi. A daren jajiberin Kirsimati na 2012 'yan bindiga suka shiga wani coci a ƙauyen Peri kusa da Potiskum, suka kashe mutum 6 har da fasto. Ran 3 ga Nuwamba 2014 wani ya tayar da bam a jikinsa cikin jerin gwanon Ashura na 'yan Shi'a a Potiskum, mutum 15 ko fiye suka rasu. Ran 5 ga Yuli 2015 aka kai irin wannan hari a cocin Redeemed da ke garin, aka kashe mutum 5. A Dapchi kuwa, ran 19 ga Fabrairu 2018, aka sace 'yan mata 110 daga makarantarsu. Da aka mayar da su bayan wata guda, ban da waɗanda suka rasu a hannun mahara, aka riƙe Leah Sharibu, abokanta kuma suka ce an riƙe ta ne don ta ƙi barin addininta.

A lura da wani abu a nan. Mako ɗaya tak bayan harin Ashura, ran 10 ga Nuwamba 2014, aka tayar da bam a wurin taron safe na Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Potiskum, ɗalibai fiye da 40 suka mutu, ba a kuwa tambayi ko ɗaya daga cikinsu addininsa ba. Boko Haram, wadda aka ɗora wa alhakin waɗannan hare-hare, ta kashe limamai da masallata ba iyaka. Wanda ya halatta wa kansa jinin Kirista da na ɗan Shi'a, bai daɗe ba ya halatta na wanda ke sallah a sahu ɗaya da shi.

Game da 'yan Shi'a akwai abin da ya kamata a bambance. A Yuli 2019 Babban Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da izinin haramta ƙungiyar Harkar Musulunci ta Shaihu Ibrahim Zakzaki, Gwamnati kuma ta bayyana a lokacin cewa ƙungiyar aka haramta, ba aƙidar Shi'a ba. Saboda haka ba wanda ke da ikon korar maƙwabcinsa daga unguwa, ko hana shi haya, ko rushe masa makaranta, don kawai ɗan Shi'a ne.

Mai rinjaye a nan, maras rinjaye a can

Kasuwar shanu ta Potiskum tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Kowane mako manyan motoci na ɗaukar dabbobi daga nan zuwa Legas da Anaca da Fatakwal, tare da direbobi da yaran mota da fatake, akasarinsu Musulmi. Da zarar sun ƙetare Binuwai sun nausa gabas, su ne marasa rinjaye. Su ne masu neman filin masallaci da na Idi da maƙabarta a hannun hukumar da ba addininsu ɗaya ba. Dokar da za su dogara da ita a can, ita ce dai wadda Kiristan Damagum ke dogara da ita a nan.

An ga haka ƙarara a Fabrairu 2006. Ran 18 ga watan aka yi tarzoma a Maiduguri saboda zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda wata jarida ta buga a ƙasar Denmak. Aka ƙone coci-coci, aka kashe Kirista waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kwana kaɗan bayan haka aka far wa 'yan Arewa a Anaca, aka kashe su, aka ƙone masallatai. Kafin mako ya zagayo wutar ta iso Potiskum. An kuma ga amfanin dokar ta ɗaya ɓangaren: ran 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ɗalibai Musulmi mata suna da ikon sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas, kuma sashe na 38 yana cikin abin da aka kafa hujja da shi.

Iyakar 'yanci da inda za a kai kuka

'Yancin addini ba izinin cin mutunci ba ne. Sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita shi domin tsaron ƙasa, da zaman lafiya, da lafiyar jama'a, da kare haƙƙin wasu. Dokar Final Kot ta Arewa ta tanadi hukunci ga wanda ya zagi wani addini a bainar jama'a, ko ya lalata wurin ibada, ko ya tarwatsa masu ibada. Amma alƙali ne ke yanke wannan hukunci bayan an ji ta bakin kowa. Taron da ya kama mutum ya kashe shi bisa jita-jita, laifin kisan kai ya aikata, kowa kuma da ya ɗaga dutse yana da kaso a ciki.

Wanda aka zalunta saboda addininsa, ya fara da mai unguwa da dagaci da hakimi, har zuwa fadar Mai Fune, don sau da yawa magana kan mutu a zaure. In laifin na ma'aikacin gwamnati ne, ya rubuta takarda, ya sa kwanan wata, ya riƙe kwafi, ya kai wa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995. Ba a biyan ko kwabo a waɗannan wurare. In abin ya faskara, sashe na 46 ya ba shi ikon shigar da ƙara a Babban Kotu ta jiharsa, ko an riga an take haƙƙin nasa ko kuwa ana shirin takewa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, sai ya nemi Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976 domin talakawa.