Madamƙin ƙaya a gaban ƙaramar tarakta: abin da za ku sani kafin ku je wajen mai walda

Ya ku makiyaya da shugabannin ƙungiyoyi masu tarakta, darasin wanga karo ya shafi wani ƙarfe da ake ɗaura wa ƙaramar tarakta a gaba don kwasar ƙaya, rassa, kara da haki. Faransawa na ce mishi girapen. Mu kira shi madamƙi, tunda aikinshi ke nan: ya buɗe baki, ya damƙe, ya ɗaga. A Amurka ya fi yawa, wajen masu ƙananan gonaki da ke da tarakta irin Kubota ko John Deere mai ƙarfin doki 25 zuwa 40. Nan wajenmu ba a cika ganinshi ba, amma aikinshi ga shi jibge: ƙayar shinge, rassan sassabe, garmanin da aka tumɓuke bisa burtali, karan hatsi bayan girbi. Wanda ya taɓa loda ƙayar aduwa ga amalanke ya san abin da hannu ke sha, ban da maciji da kunama da ke kwance ƙarƙashin tari.

Sharaɗi na farko, sai taraktarku tana da hannuwa biyu na gaba masu ɗaga cokalin kwasar ƙasa. In babu su, ku bar zancen madamƙi, ku sa a ƙera muku manyan yatsun ƙarfe a baya, inda ake ɗaura garma.

Wane iri za ku zaɓa?

Iri biyu ne. Akwai cikakke, wanda ake cire cokali a sa shi madadinshi. Akwai kuma na mai ƙaramin ƙarfi: murfi mai farata uku ko huɗu da ake ɗaurewa bisa cokalin da kuke da shi, yana saukowa kamar muƙamuƙi. Na biyun nake ba ku shawara, kuma ba don araha kaɗai ba. Hannuwan ƙaramar tarakta galibi kilo 400 zuwa 700 suke ɗagawa. Cikakken madamƙi shi kaɗai yana iya kai kilo 150 ko fiye, murfi kuwa wajen kilo 50. Duk kilon da ƙarfe ya ci, daga cikin kayanku aka rage shi.

Mai walda na gari yana iya ƙera murfin. Amma fa kar ku yarda ya yi farata da ƙarfen gini, yana lanƙwashewa tun aikin farko. Haka ƙarfen sufirin na mota, ga shi da ƙwari a ido, amma yana tsagewa daidai wurin walda. A yanko faratan daga farantin ƙarfe mai kaurin milimeta 10 zuwa 12, kuma a ƙara wa saman cokali faranti, don nan ne ƙarfi duka zai taru.

Yadda mai ke aiki

Nan ne darasin yake, ku karanta a hankali. Abin da ke buɗe murfi ya rufe shi, wani bututu ne mai sanda ciki, makanikai na ce mishi beran. Famfon tarakta ke tura mai cikinshi da matsi mai yawa, wajen bar 150 zuwa 200. Bar guda kusan kilo guda ne bisa kowane santimeta murabba'i. Mu ɗauki misali: beran mai faɗin ciki santimeta 5, fuskarshi ta kai kusan santimeta murabba'i 20. In matsi ya kai bar 170, to 20 sau 170, kilo 3.400 ke nan, sama da tan uku. Kun ga ƙaramin beran ya isa. Wanda ya sa babba don alfahari, cokalinshi zai murɗe.

Beran ɗin sai mai tiyo biyu, ɗaya na buɗewa ɗaya na rufewa. Tambaya ita ce: daga ina za a samo mai?

Hanya mafi sauƙi, ku zagaya bayan tarakta ku duba. In akwai bakuna biyu na mai tare da sandar da ke sarrafa su kusa da kujerar direba, to aiki ya zo da sauƙi: dogayen tiyo biyu kawai za ku jawo daga baya zuwa gaba, ku bi da su jikin hannun cokali. Babu yankan komi, babu waya. Aibinta guda, direba sai ya riƙa sakin wata sanda ya kama wata. A kula: tsofaffin tarakta irin Massey Ferguson 135 sau da yawa baki guda gare su, na juye tirela. Wannan turawa kawai yake yi, ba ya mayarwa, bai isa ga madamƙi ba.

Hanya ta biyu, a sa makarkatar mai mai aiki da batirin bolti 12 bisa tiyon da ke karkata cokali. In direba ya danna maɓalli, man ya bar cokali ya nufi murfi. Tana aiki da kyau, sai dai ba a karkata cokali a damƙe lokaci guda, kuma waya da ƙurarmu ba su shiri. In kun zaɓe ta, a sa fiyus.

Hanya ta uku, a ƙara sabon akwatin rabon mai mai sandarshi daban. Ita ta fi daɗin aiki, ita kuma ta fi kashe famfo in an ba wanda bai sani ba. Dommi? A mafi yawan ƙananan tarakta, mai ba ya tsayawa: yana fita famfo, ya ratsa akwatunan rabo ɗaya bayan ɗaya, ya koma tanki, muddin inji na aiki. Sabon akwati dole ya shiga cikin wannan jeri, yana da ƙofar da ke wuce da mai zuwa na gaba, da ƙofar komawa tanki. In makanike ya yanka tiyon matsi ya sa mahaɗa mai rassa uku, ko ya toshe hanya, sai mai ya bi inda babu nauyi, ko ya yi zafi har famfo ya lalace. Alamar ita ce kuka mai tsini da ba ya yankewa, da tiyo mai ƙuna a hannu. Kun ji haka, ku kashe inji nan take. 

Inda ba a neman araha

Ku yi tsimi ga ƙarfe, ku yi ciniki ga walda, amma ban da tiyo. Tiyon mai sai mai saƙar waya ninki biyu, wanda aka rubuta 2SN ko R2 a jikinshi. Na milimeta 10 yana jure bar 330. Bakinshi kuma da inji ake matse shi a manyan birane, ba da waya ko robar taya ba. Ku tafi da tsohon baki a aljihu in za ku saye, don zaren ƙusar Ingila, na Amurka da na mita suna kama da juna a ido amma ba su shiga juna.

Kar wanda ya nemi yoyo da tafin hannu. Mai da ke fita ta ƙaramin rami a wannan matsi yana huda fata kamar allura, ciwon ya yi kamar ba komi, kwana kaɗan hannu ya ruɓe. Ku gwada da guntun kwali. In ya faru, a kai mutum babbar likita ranar nan, a gaya musu man inji ne ya shiga. Kafin a kwance kowane tiyo, a sauke cokali ƙasa, a kashe inji, a motsa sanduna gaba da baya.

Nauyin gaba yana ɗaga tayoyin baya, tarakta ta kife. Rabin tano mai lita 200 cike da kankare ya fi kilo 200. Ku rataya shi a baya. Ku yi tafiya da kaya kusa da ƙasa, kar yaro ya raɓi gaba, kuma a sa raga gaban radiyeta saboda ƙaya.

Bisa burtali da cikin garke

Madamƙi na kwasar abin da aka riga aka sare ne. Ba na tumɓuke kututture ba ne. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maradi ke raya gawo, kalgo da sabara daga kututturen da ke tohowa, kuma ganyensu da ƴaƴansu ne cimakar bisashenmu da rani. Direba mai zafin hannu na iya ɓata aikin shekara goma cikin yini guda. Kafin sara, ku ga mushen daji, dokar gandun daji ta 2004 tana nan. Kwasar haki a wuraren kiwo kuma dokar kiwo ta 2010 ta sa mata ƙa'ida, ku tambayi Kofo ta wajenku.

Garmani kuwa, a tumɓuke shi a kwashe tun bai yi ƴaƴa ba. In ya bushe kuka ɗauko shi, duk hanyar da tarakta ta bi kun shuka shi. Wanda ya riga ya nuna, a tara shi nan inda yake a ƙone, bayan an share kewaye don gudun gobarar daji.

Hakin da man inji ya ɗiga bisa kanshi kar a ba bisa. Madamƙi kuma ba shi da ido: yana haɗa kara da leda, ƙusa da guntun waya, waɗanda mukan tarar cikin tumbin shanu a mahauta. Ku kakkaɓe kafin ku zuba a kwami. In kuma bisa ta faɗi farat ɗaya, jini na fita hanci ko dubura, muna zaton ciwon saifa: kar ku feɗe ta, kar ku damƙe ta da farata su huda fata, ku kira mushen dabbobi ya nuna muku yadda za a binne ta. Ƙarfen da ya taɓa mushe kar ya koma ga cimaka sai an wanke shi da maganin da zai ba ku.