Darussan Intanet Don Samun Sauƙin Damuwa

Gabatarwa

Damuwa ba ta sallama kafin ta shiga gida. Uba yana lissafin kuɗin makaranta, uwa tana kwana ido biyu saboda tsadar abinci, ɗa kuma ya gama karatu amma babu aiki. Idan mutum ya shiga matsi, jikinsa yakan saki sinadaran da ke sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, domin ya shirya wa haɗari. Wannan yana da amfani na ɗan lokaci, amma in ya daɗe yakan kawo rashin barci, ciwon kai, saurin fushi, har ya tsananta hawan jini.

Abin Da Darussan Suke Koyarwa

A shekara ta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa wani ɗan littafi mai hotuna a kan yadda za a bi da damuwa, tare da darussan saurare, duka kyauta a intanet. Darasin farko shi ne mutum ya tsaya, ya ja numfashi a hankali, ya danna tafin ƙafafunsa a ƙasa, ya lura da abin da yake gani da abin da yake ji, har hankalinsa ya dawo inda yake. Sauran darussan suna koyar da yadda zai gane tunani mai nauyi ba tare da ya bar shi ya ja ragamarsa ba, da yadda zai yi wa kansa da waɗansu kirki. Mintoci kaɗan a kowace rana sun isa.

Amfanin Mataimaki

Hukumar ta kuma haɗa kai da Ma'aikatar Lafiya ta Lebanon suka gwada wani shiri na wayar hannu mai suna Step-by-Step, wato mataki-mataki, mai darasi biyar, domin masu fama da baƙin ciki mai tsanani. Kowane mako wani mataimaki da aka horar, wanda ba likita ba ne, yakan tuntuɓi mai bin shirin na kamar minti 15 don ya ƙarfafa shi. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa 'yan gudun hijirar Siriya da suka bi shirin sun sami sauƙi fiye da waɗanda ba su bi ba.

A nan darasin yake ga iyali. Mutane da yawa sukan fara irin waɗannan shirye-shirye da zafi, sa'an nan su watsar a hanya, musamman in babu mai tambayarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Miji zai iya zama mataimakin matarsa, 'ya kuma ta karanta wa mahaifiyarta darasin da yamma.

Gargaɗi

Waya ba ta maye gurbin likita. Wanda baƙin ciki ya hana shi ci, barci ko aiki har fiye da mako biyu, ya kamata ya je asibiti. Wanda kuwa ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi nan da nan. A kuma yi hattara da shirin da yake neman kuɗi da alkawarin warkarwa cikin kwana uku.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. Waɗanne alamun damuwa ake gani a gidan nan?
2. Wane ne cikin iyali yake ɗauke da kaya shi kaɗai, wa kuma zai tsaya masa a wannan mako?