AIKIN ITACE A GIDA DA RANI

1. Lokacin aiki

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, watau kudancin Jihar Katsina, kusan kowane magidanci manomi ne. Tun daga faɗuwar ruwa har kaka ba shi da hutu. Amma in an karye masara, an yanke dawa, an tsince auduga, sai aiki ya yi sauƙi har wata huɗu ko biyar. Mai fadama ya koma lambu, waɗansu su tafi cin rani, saura kuwa su zauna inuwa suna hira.

To, ga wani aiki da mutum zai yi a zaurensa cikin wannan lokaci, ba wahala mai yawa, ba kuɗi mai yawa. Shi ne aikin itace. Ka duba cikin gidanka ka gani. Kujerar da uwargida ke zama a bakin murhu, da muciya, da allon yaro, da ƙotar fartanya, da bencin ƙofar gida, duka itace ne, duka kuma da kuɗi ka saye su. Rabinsu kana iya yi da hannunka. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Watakila wani ya ce, "Ni ban gaji sassaƙa ba." Gaskiya ne, sassaƙa sana'ar gado ce, tana da mutanenta. Turmi da akushi da ganga a bar wa masassaƙa, gama aikin rarake itace sai wanda ya tashi cikinsa. Amma ba gado ake nema ba kafin mutum ya gyara kujerar gidansa, kamar yadda ba sai ɗan magini ke yaɓe katangarsa ba.

2. Inda za ka sami itace

Dā in mutum yana son itace sai ya saɓa gatari ya shiga daji. Wannan ya wuce, saboda dalili uku.

Na fari, hatsari. 'Yan bindiga sun yi shekaru suna fakewa cikin dazuzzukan da ke tsakanin Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. Kowa ya tuna watan Disamba na 2020, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga daji da su, kafin Allah ya kuɓutar da su. Babu kujerar da ta kai ran mutum.

Na biyu, doka. Ba a sare itace cikin gandun daji na gwamnati sai da izinin ma'aikatan daji. Dajin Kogo yana cikin wurare goma da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a mai da su gandun daji na ƙasa.

Na uku, manyan itatuwa suna ƙarewa. Masu gawayi sun ci ƙirya. Madobiya kuwa fatake sun yi ta sarewa a ƙasashen Afirka ta Yamma suna kaiwa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasa da ƙasa sai da takardar izini.

Saboda haka mai aikin gida ya dubi abin da ke kusa da shi: reshen da aka sassabe a gona, da itacen da iskar bazara ta kayar, da guntayen katako da ke zube a rumfar kafinta, waɗanda ake sayarwa da araha.

3. Sanin itatuwa

Kowane itace da halinsa, kamar mutane.

Bedi, wanda waɗansu ke kira dogon yaro ko darbejiya, shi ne babban abokinka. Asalinsa daga wajen ƙasar Indiya ne, an fara shuka shi a Barno a 1928, yau kuwa ba garin da babu shi. Danginsu ɗaya da maɗaci. Jan cikinsa yana da ƙarfi, gara ba ta cika sonsa ba, in kuwa ka sare reshe sai ya sake tofo waɗansu. Ya yi kyau ga kujera da benci.

Marke yana da tauri da nauyi, shi ne na ƙota da ƙafar kujera. Aduwa tana da lumshi, ba ta yawan tsagewa, da ita ake allo. Ɗinya tana da taushi, tana da sauƙin sassaƙa ga mai koyo. Malaina, wadda kafintoci ke yankawa katako, ba ta da nauyi, ba ta kuwa yawan karkacewa. Ƙirya ta fi su duka ƙarko, shi ya sa ake turmi da ita, amma tana dakushe kayan aiki.

Kaɗe da ɗorawa kada ka sa musu gatari muddin suna da rai. Kaɗe yakan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. Wanda ya sare shi don kujera ɗaya ya zubar da man shekaru masu yawa, wanda ya sare ɗorawa kuma ya taɓa tukunyar miyar gidansa.

In ka duba gungumen da aka yanke, za ka ga fari daga waje, ja ko baƙi-baƙi daga ciki. Farin nan shi ƙwari ke ci. Ka sassaƙe shi ka yi aiki da na ciki.

4. Busar da itace

Nan ne masu koyo suka fi yin hasara. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani har rabin nauyinsa ruwa ne. In ruwan nan yana fita sai itacen ya tsuke. Ba ya tsukewa ta tsawo sai kaɗan ƙwarai, ta faɗi yake tsukewa. In waje ya bushe ciki bai bushe ba, sai wajen ya ja, cikin ya ƙi, daga nan sai tsaga. Hunturu yana sa wannan da sauri.

Ga yadda za ka yi. Ka faskara gungumen biyu, daidai ta tsakiya, tun yana ɗanye, gama daga cibiyar nan tsaga ke farawa. Ka ɓare ɓawon. Ka shafe bakin nan biyu da tsohon fenti ko kakin zuma, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita. Sa'an nan ka jera shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, bisa duwatsu don gara, ka sa 'yan sanduna tsakanin wannan da wancan. Kada ka shanya shi a rana.

In kana so ka san ko ya bushe, ka riƙa ɗaga shi kowane mako. Muddin yana rage nauyi, da saura. Ka kuma ƙwanƙwasa shi: busasshe yana amo, ɗanye ba ya yi. Siriri yakan bushe cikin 'yan watanni, mai kauri kuwa sai ya shekara. Wanda ya tanadi itace bana shi ke da abin aiki baɗi.

5. Kayan aiki

Ba ka bukatar kaya da yawa. Gatari, da gizago, da wuƙa mai kaifi, da magagari, da guntun ƙarfe na huda, duka maƙerin garinku yana ƙera su. Zarto da guduma ka saya a kasuwa. In ba ka da abin awo, ka sami kara miƙaƙƙe, ka auna shi da na tela, ka yi masa tsaga-tsaga, kowace tsaga inci ɗaya. Inci 12 shi ne ƙafa ɗaya.

Ka wasa kayanka kafin ka fara. Dakusasshen gizago ya fi mai kaifi sarar mutum, gama sai an sa masa ƙarfi, sa'an nan ya zame. Kada ka dafe itace da ƙafa a wajen da bakin gizago ke sauka. Ka kori yara daga gabanka, in ka gama kuma ka rataye kayan inda hannunsu ba ya kai.

6. Kujera mai ƙafa uku

Masassaƙa suna fid da kujera 'yar tsugunno daga gungume guda. Wannan sai gwani. Mai koyo ya fara da wadda ake dasa wa ƙafafu.

Ka ɗauki ɓarin bedi, ka sassaƙe shi ya zama fai-fai, tsawo inci 12, faɗi inci 10, kauri inci 2. Wannan shi ne mazauni. Ka sami sanduna uku na marke, busassu sarai, kowace tsawon inci 9, kaurinta kamar ƙotar fartanya.

Me ya sa uku? Domin daɓen ɗaki da tsakar gida ba su cika zama daidai ba. Kujera mai ƙafa huɗu, in ƙasa ta yi tudu kaɗan, sai ta riƙa rawa. Mai ƙafa uku kuwa ko'ina ka ajiye ta sai ta zauna daram, kamar tukunya bisa duwatsun murhu.

Ka kife mazaunin, ka sa alama uku kamar zaman murhu, kowace ta shiga inci 2 daga gefe. Ka gasa ƙarfe ya yi ja, ka huda, yadda ake huda ƙota. Ka karkata hudar kaɗan, don ƙafafun su buɗe waje, kada kujera ta kife da mai zama. Ka kankare gawayin da wuta ta bari cikin ramin, har faɗinsa ya kai inci ɗaya.

Sa'an nan ka feƙe kan kowace ƙafa har ta shiga ramin da ƙyar. Ka tsaga kan da zarto, zurfin inci ɗaya. Ka buga ƙafar ta ɓullo sama, kāna ka feƙe ɗan itace mai baki kamar na gatari, ka buga shi cikin tsagar. Shi zai buɗe kan ƙafar ya riƙe ta, ba ƙusa. Amma ka lura da wannan ƙwarai: tsagar ta gicciye jijiyar mazaunin. In ta bi jijiya, bugu biyu sai mazaunin ya dare.

Ga wata dabara kuma. In mazaunin yana da sauran ɗanyantaka kaɗan, ƙafafun kuwa sun bushe sarai, to, yana bushewa yana matse su.

Ka yanke abin da ya yi saura a sama, ka daidaita ƙafafun a ƙasa, ka goge da magagari, ka kankare da bakin wuƙa har ya yi sumul. Daga baya ka shafa man kaɗe ko man gyaɗa, ka bar shi ya sha kwana biyu, ka goge da tsumma.

Benci ma haka ake yinsa, sai dai katakon ya kai ƙafa 4, ƙafafunsa huɗu, tsayinsa inci 16.

7. Kyautar hannu

Wanda ya iya kujera ya sami abin kyauta. Diyarka za ta tare, ka sa mata kujera da muciya cikin kaya. Ƙanenka ya yi sabon zaure, ka kai masa benci. Tsohuwarka ba ta iya tashi daga tabarma sai da ƙyar, ka yi mata kujera mai ɗan tsayi. Abin da aka saya a kasuwa kowa na da irinsa, amma wannan duk wanda ya tambaya za a ce masa, "Wane ne ya yi da hannunsa."

In yaro zai shiga makaranta, ka yi masa allo da aduwa, tsawo inci 14, faɗi inci 8, kauri rabin inci, ka fid da mariƙi a sama. Ka goge shi sumul, amma kada ka shafa masa mai, gama tawada ba ta kama wurin da mai ya taɓa.

Muciya da koshiya, da duk abin da zai shiga abinci, kada ka yi su da bedi ko maɗaci, suna da ɗaci. Ka yi da aduwa ko ɗinya, kada kuma ka sa musu fenti.

Inda akwai tukuruwa a fadama, gwangwala tana yin gado da ɗan tebur marasa nauyi, ana haɗa su da tsinken itace. Ƙananan yara kuma, ko da karan dawa ka yi musu mota, ka ba su su ƙarasa da kansu. Da haka hannu ke koyon aiki.

8. Biyan bashi

Itacen da ka yi aiki da shi, wani ne ya shuka shi, ko ya bar shi ya girma. Bashi ne a kanka. In damina ta tsaya, ka dasa bedi biyu ko uku a gefen gonarka ko bayan gida, ka kewaye su da ƙaya don awaki. In kana sharar gona ka ga ɗan marke ko aduwa ko ɗinya ya tofo, kada ka tumɓuke shi. Ka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ka bari, ka sare saura. Haka manoman wajen Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, suka yi ta yi tun wajen 1984, har gonakin da suka zama fili suka sake yin itatuwa. Ƙasarmu ta fi tasu ruwa, saboda haka ba mu da hanzari. Cikin 'yan shekaru sai ka sami abin sassaƙa a gonarka, ba ka shiga daji ba, ba ka roƙi kowa ba.

Tambayoyi

1. Faɗi dalili uku da suka hana shiga daji neman itace.
2. Don me ake faskara gungume tun yana ɗanye?
3. Me ya sa kujera mai ƙafa uku ba ta rawa?
4. Waɗanne itatuwa ne ba a yin muciya da su?
5. Itace nawa za ka dasa da daminar bana, a ina kuma?