Rabon Gado Ba a Yin Sa da Kintace

Jama'a, rigimar gado ta yi yawa a kotunan shari'a, kuma ba duka ba ne mugunta ta haddasa. Wata rashin sanin lissafi ce kawai. Allah Maɗaukakin Sarki bai bar rabon nan a hannun kowa ba, Shi ya yanka shi a Suratun Nisa'i: rabi, rubu'i, tumuni, kashi biyu cikin uku, sulusi da sudusi. Duk wanda ya zauna zai raba dukiyar marayu bai iya sarrafa waɗannan ba, ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Ga kuskuren da ya fi yawa. Mutum ya rasu ya bar mata, da mahaifiya, da 'ya'ya maza da mata, mahaifinsa ba ya raye. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, sai naira 2,400,000 ta rage. Matar tana da tumuni, mahaifiya tana da sudusi. Sai mai rabo ya fitar wa matar 300,000, ya duba abin da ya saura, 2,100,000, ya raba shida ya miƙa wa tsohuwa 350,000. Ta karɓa ta yi godiya, har ta sa masa albarka. An ci mata naira 50,000! Sudusinta daga cikin dukiyar gaba ɗaya yake, ba daga ragowa ba. Malaman fara'idi shi ya sa suke fara neman asalin mas'ala, wato adadin da takwas da shida duk za su raba ba saura. A nan 24 ne. Matar kashi 3, mahaifiya kashi 4, 'ya'ya kashi 17, kowane kashi naira 100,000. Hakkin tsohuwa 400,000 cif. Kada wani ya ce ai kaɗan ne, ko ai cikin gida kuɗin ya tsaya. Wa ya ba ka izinin yafewa a madadinta? In ba ka iya ba, tashi ka je wurin alƙali ko malamin da ya karanta, ba abin kunya ba ne.

Dattawan da suka riski zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973, sun san cewa in kwabo ya kasa aka fasa sule, kwabo goma sha biyu ake samu, in aka fasa fam kuwa sule ashirin ne, kuma ba ɗan tireda da ya taɓa ruɗewa a kan haka. To haka hatsin gado yake. Buhu biyar da kwata, za a biya bashin buhu biyu da rabi: a fasa buhu ɗaya ya zama kwata huɗu, ba goma ba. Saura buhu biyu da kwata uku.

Wani lokaci kason 'ya'ya aka sani, ana neman jimlar dukiya. A misalinmu na sama kasonsu 1,700,000 ne: a raba shi gida 17, a ninka sau 24. Irin wannan lissafi ne Alkhawarizmi ya cika babban sashe na littafinsa na aljabara da shi a Bagadaza, misalansa na gado ne da wasiyya. Iyaye su duba littattafan 'ya'yansu na firamare, darasin yana ciki.