Yadda Ake Auna Gudun Mota da Ƙararta

Duk wanda gidansa ke bakin titin Nguru zuwa Gashuwa, ko hanyar da ta tashi daga Gashuwa ta nufi Yusufari, yana iya gane motar da ke tsala gudu tun kafin ya hango ta. Abin da kunne ke yi da kintace, na'ura tana yin sa da lissafi, dare da rana, har a lokacin da hazon hunturu ya hana kyamara gani. Ga yadda ake yi.

Da farko a zaɓi miƙaƙƙen wuri, nesa da kwana, tasha, injin niƙa da janareta, don kada wata ƙara ta danne ta motoci.

Sai a auna mita 20 a gefen titi, a kafa turke a kowane ƙarshe, a ɗaura wa kowanne makirufo. Tsayinsu ya zama ɗaya, nisansu daga kwalta ma ɗaya. A lulluɓe su da soso, domin iskar da ke kwaso rairayi daga wajen Tulo-Tulowa tana iya cika su da huci da ƙura.

Na uku, a jona su biyun da ƙaramar kwamfuta guda, mai aiki da batir da farantin sola. Dole agogo ɗaya ya riƙa yi musu lokaci, don kuskuren kashi ɗaya cikin goma na sakan ya isa ya ɓata sakamako.

Na huɗu shi ne zuciyar aikin. Idan mota ta taho, ƙarar injinta da ta tayoyinta na ƙaruwa har ta kai ƙololuwa daidai gaban makirufo, sannan ta fara raguwa. Kwamfuta za ta riƙe lokacin ƙololuwar a turken farko da na biyu, ta raba nisa da tazarar lokacin, ta ninka da 3.6. Motar da ta cinye mita 20 a sakan 1 tana gudun kilomita 72 a awa. Wadda ta kiyaye kilomita 50 da aka ƙayyade a cikin gari za ta ɗauki sakan 1.44. Turken da ya fara jin ƙara kuwa shi ke nuna inda motar ta fito.

Ana iya ƙara tabbatarwa da abin da masanin kimiyya Christian Doppler ya bayyana a 1842: sautin abin da ke tahowa yana sirancewa, in ya wuce ya yi kauri, kuma daga wannan bambanci da gudun sauti ake lissafa gudun motar. A nan sai a sa ma'aunin zafi, domin sauti na tafiyar mita 343 a sakan a digiri 20, amma a zafin bazara na digiri 40 yana kaiwa kusan 355.

Na ƙarshe, a gwada. A sa direba ya wuce sau da yawa da gudun da aka sani, a daidaita na'urar. A kuma koya mata watsar da awon da tirela da babur suka wuce tare, don ƙararsu na cakuɗewa.

Wannan na'ura ba ta karanta lambar mota, saboda haka ba ta cin kowa tara. Amfaninta shi ne hujja. Idan dattawan unguwa suka je gaban ƙaramar hukuma ko Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa da alƙaluman wata guda, masu nuna sa'o'in da ake gudu a ƙofar makaranta ko bakin kasuwa, buƙatarsu ta tudun rage gudu da allon gargaɗi za ta yi wuyar turewa.