Darasi: Tsiron Hanta da Kariya

Tsirrai iri-iri ne. Wani ba ya rayuwa sai a danshi, wani kuwa ya saba da fari. Darasin wannan wata zai kwatanta biyu daga cikinsu.

Tsiron hanta

Wannan ɗan ƙaramin tsiro ne, kore, mai kama da gansakuka. Turawa suna kiransa libawot, domin siffar wasu irinsa kamar ta hanta ce. Masana sun ƙiyasta akwai irinsa wajen 9,000 a duniya.

Yakan shimfiɗu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ko dutse, musamman a inuwa da damina. Ba shi da saiwa ta gaske, sai 'yan siraran gashi da yake maƙalewa da su. Ba shi da jijiyoyin da ke kai ruwa sama, shi ya sa ba ya tsawo. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Yana yaɗuwa ne ta wani gari mai laushi kamar ƙura. Kafin garin ya samu, sai ƙwayar namiji ta yi iyo cikin ruwa ta isa wurin ta mace. In babu ruwa, babu haihuwa.

Kariya

Kariya tana fitowa a busassun wurare, tun daga Senegal har Sudan da ƙasar Larabawa. Tana da saiwa da jijiyoyi. Gindinta mai kauri rumbun ruwa ne. Da rani takan zubar da ganye don rage asarar ruwa, amma ta yi fure ja mai kyau. 'Ya'yanta suna fitowa biyu-biyu kamar ƙahoni. Idan sun fashe, iska ta kwashe irin.

Amfanin darasin

Inda tsiron hanta ya yi yawa a lambu, alama ce danshi ya daɗe a wurin. Sai manomi ya duba ko ban-ruwa ya wuce kima. Kariya kuwa ruwa mai yawa yana ruɓar da saiwarta.

Gargaɗi: ruwan jikin kariya dafi ne mai taɓa zuciya. Maharba sun daɗe suna shafa shi a kibiya. A hana yara wasa da ita, a nisanta dabbobi. Wanda ya sare ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsiron hanta ba ya tsawo?
2. A ina kariya take ajiye ruwa?
3. Don me ake hana yara wasa da kariya?