Rigakafin nimoniya ba ta tsofaffi kaɗai ba ce

A Amurka, hukumar CDC ta shawarci duk mai shekara 19 zuwa 49 da ke fama da ciwon suga, zuciya, asma, sikila ko ƙanjamau, har da mai shan taba, ya karɓi allurar rigakafin nimoniya. A 2024 ta haɗa da duk wanda ya kai 50. Amma marasa inshorar lafiya aka fi bari a baya, shi kuwa mai jini a jika ba ya ma kawo abin a ransa.

Ranar da ka je awon suga, kar ka jira likita ya tuna, kai ka tambaya. Musamman mai sikila, don saifarsa ba ta kare shi kamar ta kowa. Kuma allurar mura daban take.